Lambar da Na Canja a Damagaram

Ku da kuke zuwa wurina koyon aiki yanzu, akwai wata magana da nake ji a bakinku mai sa ni in yi murmushi in kawar da kai. Da an ce a haɗa laburare cikin manhaja sai ku kira ni da Faransanci ku ce, "Mushe, wannan ai ba aiki ba ne, kwafa ne a liƙa." Ku buɗe fayil ɗin gini, ku liƙa abin da kuka kwaso a intanet, ku danna, in ya tashi ku miƙe ku tafi shan shayi. Ban ce ƙarya kuka yi ba. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, ni kuwa a gaban jama'ar gari guda ya tsone ni, don haka ku gyara zama.

Wanda ya tsinci takardar nan ba ɗan sana'a ba, bari in warware masa. Ba wanda ke rubuta manhaja daga tushe har ƙarshe da hannunsa. Akwai guntayen aiki da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye, wannan na karanta hoto, wancan na magana da na'urar buga kati, su ake kira laburare. Tela ba shi ke ƙera zif ba, saye yake yi, amma ɗinka shi a riga aikinsa ne, in ya karkace ba mai zagin kamfanin zif. Fayil ɗin gini kuwa shi ne rubutun da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta tattaro, da inda za ta same shi, da wanda za ta fara ɗaurawa kafin wani. Kowane laburare yana fitowa bugu-bugu, kowane bugu da lambarsa, kuma a cikin fayil ɗin nan ake rubuta lambar da ake so.

Ni ɗan kanti ne. Mahaifina ya zo Diffa daga Damagaram da atamfa da sabulu, a bayan kantarsa na girma. Karatun da ya ba ni guda ne, sabon kaya a sa shi gaba, tsoho a karya farashi a rabu da shi. Da na kawo ƙarfi na buɗe nawa shagon kusa da tasha, ina buga wa mutane takardu, ina hotokofi, ina zuba wa direbobi wa'azi a waya. Na sa aka rubuta mini "Sanusi Injiniyan Kwamfuta" da jan fenti a allo. Ba wanda ya tambaye ni takardar shaida, ni ma ban tayar da zancen ba. Gaskiyar magana, wani littafin koyon rubuta manhaja na samu da Faransanci, shafukan ƙarshe sun ɓace, da shi nake ta fafutuka.

Aikin farko da ya tona mini asiri na manoman tattasai ne na bakin kogin Komadugu. Ƙungiyarsu tana son katin shaida ga kowane manomi, da hotonsa, da irin zanen layi-layin nan da na'ura ke karantawa. Na ce musu sati ɗaya. Na samo laburaren da ke yin zanen, na zuba shi a kwamfuta, na rubuta sunansa a fayil ɗin gini. In na danna sai ta zubo mini jan rubutu da Turanci, wai ba ta ga abin da nake kira ba. Ga shi kuwa ina ganinsa da idona. Kwana uku ina wannan, har na fara zargin kwamfutar da taɓuwa.

A rana ta uku wata mata ta shigo, cikin mutanen ƙetare da suka cika Diffa a lokacin, masu gudun tashin hankali. Ta ciro takardu daga leda, duk ruwa ya yi musu shati, ta ce a yi mata kwafi. Babu wuta, na aika a tayar da inji, ta tsaya jira a bayana. Ina ta dannawa ina tsaki.

"Malam," ta ce, "ka gaya mata sunan mutum, amma ba ka gaya mata gidansu ba."

Na juyo na dube ta sama da ƙasa. "Hajiya, ba hotokofi kika zo yi ba?"

"Shi na zo yi. Amma tun ɗazu abu ɗaya kake dannawa kana jiran amsa daban. Matsa in gani."

Ban san abin da ya sa na matsa ba. Ta zauna a bakin kujera, ta ƙara layi biyu, ta ɗauki wani daga ƙasa ta mayar da shi sama, ta danna. Abin da ya ci mini kwana uku ya tashi kafin injin ya gama tari. Ta miƙe ta ce, "Kwafi bibbiyu za ka yi mini." Sunanta Yagana. A Maiduguri ta yi karatu, ta yi shekaru tana rubuta wa ɗakin gwajin jini na wani asibiti manhaja, aure ya kai ta Damasak, daga can suka ƙetaro kogi ita da mijinta da abin da hannu ya iya ɗauka. Ban karɓi kuɗin kwafin ba, kuma washegari na je har inda suka sauka na roƙi mijinta ya bar ta ta riƙa zuwa shago.

Na girme ta da fiye da shekara goma, amma ni ke kakkaɓe mata kujera da safe. Ƴan tasha suka samu abin yi. "Injiniya, yau Malama ta duba maka allo?" Ina ji in yi kamar ban ji ba, don na san abin da nake ƙaruwa da shi. Ita ma ba ta rage mini ba, tana kirana Oga Sanusi da wata irin murya da ba ka iya cewa girmamawa ce ko tsokana. Ban taɓa ganin mai aiki da natsuwarta ba. Jan rubutun nan da ke tayar mini da hankali, ita karanta shi take yi daga layin farko, da yatsa, tana motsa baki. Takan ce kwamfuta ba ta ɓoye komai, mutane ne ke ƙin karanta abin da ta faɗa.

Kayan aikinta ba su da kyan gani. Akwai wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi da muka saya a kasuwa, ta wanke ta tas, ba a zuba mata komai, ta sa mata suna Baƙuwa. Duk aikin da muka gama sai an ɗauke shi an kai wa Baƙuwa, an gina daga farko. In ya ƙi, to ba a gama ba, ko da a tawa kwamfutar yana gudu. Da yawa yakan ƙi, saboda na zuba wani abu da hannu a tawa watanni baya na manta, aikin ya jingina da shi ban sani ba. Akwai batirin mota a ƙarƙashin tebur saboda ɗaukewar wuta. Akwai littafin rubutu na ƴan makaranta inda take rubuta sunan kowane laburare da lambar bugunsa da biro. Sai kundin tarihi, wato manhajar da ke ajiye kowane canji da aka yi wa aiki, ta yadda za a iya komawa baya.

A kan kundin nan muka fi yin gardama. Ƙa'idarta ita ce, ba za a bar fayil ɗin gini ya riƙa zuwa intanet ɗebo laburare ba. Sai an sauko da shi sau ɗaya, an ajiye shi cikin aikin kansa, an shigar da shi kundi. Na ce mata wannan yana sa aiki nauyi, kuma a littafina ba haka aka koyar ba. Ta ce, "Wanda ya rubuta littafinka bai taɓa zama Diffa ba. Rezon intanet da ke zuwa da hantsi ya tafi da azahar, shi za ka jingina wa aikin mutane?" Haka kuma ba ta yarda a rubuta "na baya-bayan nan" a wurin lamba. Sai lamba cikakkiya, da ɗigonta duka. Na bi, amma a raina ina cewa tsoron mata ne.

Masu kawo aiki kuwa, Allah ya ba ku haƙurin zama da su. Shugaban manoman tattasai ya dawo da katinsa sau uku, wai hotonsa bai kai girman muƙaminsa ba. Wani mai kemis ya ce manhajar ta lalace, muka je muka tarar jikansa ya cire waya ya sa cajin rediyo. Ba ɗayansu da ya taɓa sanin akwai wani abu wai shi fayil ɗin gini. In aiki ya yi kyau hoton suke yabo, in ya ɓaci kai suke nema.

Sai shekarar wahala ta zo. Aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi, aka sa dokar hana fita. Manoman da muka yi wa kati suka bar gonakinsu na bakin kogi, masu banda kifi na Boso suka watse. Kwamfutocinmu suka yi ƙura. Aikin da ya rage a gari na ƙungiyoyin agaji ne, kuma daga can namu ya fito. Wata ƙungiya tana rabon abinci a Yebi, inda iyalai da yawa suka taru bayan an kore su daga bakin tafki. Suna son a yi wa kowane mai gida rajista da zanen yatsa a ba shi kati, wanda ba shi da kati babu shi a rabo. Suka ba mu na'urar ɗaukar yatsa guda don gwaji, ƴar ƙarama mai gilashi a kai, in ta karɓa ta yi kore, in ta ƙi ta yi ja. Laburaren da ke magana da ita na masu ƙera ta ne.

Yagana ta yi sati biyu a kan haɗa shi, ga tsohon ciki. Wani laburare ne mai taurin kai, yana jingine da wasu biyu, kuma sai an jera su yadda yake so. Bayan ya tashi ta riƙa sa na'urar a jaka da rana tana fita unguwannin da baƙi suka sauka. Ni ina tsaron shago, na ɗauka waya kawai take gwadawa. Da ta gama na ga lambar da ta rubuta ba ta bugu na ƙarshe ba ce, wani tsoho ne da ya kwana biyu. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba. Kwana kaɗan bayan haka ta sauka, aka samu ɗiya mace, ta shiga jego, ba fita sai ta yi arba'in.

Sauran na'urorin a Damagaram aka sauke su, ni aka tura in ɗauko. Can na tarar da rezo irin wanda ban taɓa gani ba, ka danna abu ya buɗe kafin ka ɗauke yatsa. Na leƙa shafin masu na'urar, sai ga sabon bugu, sun ce ya fi sauri, ya fi tsaro. Jinin kanti ya motsa. Yaya za mu kai wa manyan mutane tsohon kaya ga sabo a ƙasa? Na sauko da shi, na goge tsohon daga cikin aikin, na canja lambar, na gyara wurare biyu da sunayen kira suka bambanta. Na gina, ya tashi. Na gwada yatsuna goma, kore goma. Na gwada na ɗan'uwana mai sayar da turare, kore. Da na dawo Diffa na kai wa Baƙuwa, ita ma ta gina ba gardama. Na yi niyyar sai an gama aiki in gaya wa Malama, ya zama barkar haihuwar da na yi mata. Garin neman gira aka rasa ido.

Ranar Yebi mun tashi da sassafe cikin jerin motoci, sojoji gaba da baya. Shef, wato shugaban aikin, wani dogon mutum mai yawan duba agogo, ya gaya mini tun a hanya cewa da la'asar za a juya ko an gama ko ba a gama ba, kuma ba za a sake samun rakiya ba kafin a rufe sunaye. Muka kafa tebur biyu a ƙarƙashin wata rumfar tamfol. Mutane suka yi layi cikin rana, maza gefe, mata gefe. Farko abin ya tafi kamar wasa. Matasa suka sa yatsa, kore, kati ya fito. Shef ya dafa kafaɗata ya ce, "Bravo, injiniya." Na ji kaina ya yi girma.

Sai layi ya kawo wani dattijo, siriri, da farin gemu kaɗan, ana ce masa Ba Mala. Masunci ne daga wajen Boso, yana da matan ƴaƴansa biyu da jikoki a hannunsa, mazan ba su nan. Ya yi gaisuwa da Barbarci, ya ɗora babban yatsa. Ja. Na goge gilashin, ya sake. Ja. Muka bi yatsun dama ɗaya bayan ɗaya. Na kama hannun na duba, sai na ga tafin ya yi sumul da kanta, igiyar koma ta kamun kifi da ruwa da wutar banda sun cinye zanen, saura ɗan kaɗan. Na ce ya koma gefe tukuna. Na bayansa ma masunci ne, shi ma ja. Wata tsohuwa mai banda kifi, ja. Kafin hantsi ya yi ƙarfi, waɗanda aka tsayar a gefe sun zama tawaga, kuma kusan dukansu mutanen ruwa ne.

Ku da ba ku ga lokacin ba, ba za ku gane nauyin wannan ba sai na faɗa muku. A shekarun nan duk wanda ya fito daga tsibirai ko bakin tafki ana kallonsa da ido biyu, ana cewa ko yana da hannu da mutanen daji masu kai hare-hare. To ga na'urar Turawa tana yi wa mutanen ruwa ja, tana yi wa saura kore. Na ji wani a layi yana cewa, "Injin ya san su." Wani ya amsa, "Ai ba a ɓoye masa." Wani soja da ke tsaye a inuwar mota ya tako a hankali ya tsaya kusa da tawagar, yana kallon Ba Mala. Dattijon ya juyo wurina ya buɗe hannuwansa biyu.

"Ɗana," ya ce da Hausarsa mai nauyin Barbarci, "hannu nawa ne. Wani babu. Kifi kawai ya kama."

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a ranar da aka yi harbi a bayan gari. Na san abu ɗaya kawai na taɓa a aikin nan. Kiari, direbanmu, ya ce mini rezo yana kamawa in an hau kan mota an fuskanci yamma. Na hau, da babbar riga da komai, jama'a na kallona. A kira na huɗu ta ɗauka, jaririya na kuka a kusa da ita. Na zayyana mata abin da ke faruwa.

"Buɗe fayil ɗin gini ka karanta mini lambar," ta ce.

Na faɗa mata ba tare da na buɗe ba.

"Oga Sanusi, wancan bugun na gwada shi a hannun masu kifi, cikin goma ko uku bai karɓa ba. Shi ya sa na koma tsohon. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka goge shi?"

"Na goge, Malama."

"Daga aiki ka goge. Yana cikin kundi. Zan turo maka abin da za ka rubuta. Amma kafin ka taɓa kwamfuta, akwai soja a wurin?"

Na ce akwai.

"To sauka ka faɗa da ƙarfi, kowa ya ji, cewa kai ka ɓata injin, mutanen nan ba su da laifi. Ka sa a faɗa da Barbarci. Gini zai iya jira, wannan ba zai jira ba."

Ba ta zage ni ba, ko kalma ɗaya, da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Ban sauko ba ma, a kan motar na tsaya na ɗaga murya. Na ce jama'a ku yi haƙuri, ni ne na canja wani abu a cikin injin da ba a sa ni ba, shi ya sa ba ya ganin hannun da ya sha aiki, jan nan nawa ne, ba na kowa ba. Kiari ya maimaita da Barbarci, kuma ina jin ya ƙara gishiri, don wasu mata sun fashe da dariya. Shef ya cire tabarau yana kallona kamar ya haɗiye ni. Sojan ya girgiza kai ya koma inuwarsa.

Saƙonninta suka shigo guda uku, gajeru, ba gaisuwa. Na farko ya dawo da tsohon laburare daga kundi, shi wannan kundin da na ce yana sa aiki nauyi. Na biyu ya mayar da lambar da wurare biyun da na taɓa. Na ukun gargaɗi ne, in share duk abin da aka gina a baya kafin in sake, kar sabon ya maƙale a wani lungu. Ta ƙara da cewa waɗanda aka ɗauka da safe sai an sake ɗaukarsu, don bugun biyu ba sa ajiye zane iri ɗaya. Muka jona kwamfuta da batirin mota. Ginin ya ci kusan awa guda, ina zaune a ƙasa ina kallon layuka suna wucewa, ina karanta duk addu'ar da na sani. Ya tashi ba jan rubutu ko ɗaya. Na kira tsohuwar nan mai banda, ta ɗora yatsa tana hararata. Kore. Ta ce wani abu da Kiari ya ƙi fassara mini.

Muka shiga aiki kamar mahaukata, tebur biyu, ba ci ba sha, shef kansa ya tuɓe riga ya kama goge gilashi. Mutanen ruwa muka fara ɗauka. Ina ta duba fuskoki ban ga Ba Mala ba. Na sa aka kira sunansa sau uku, shiru. Rana ta karkata, direbobi suka fara tayar da motoci. Na bar wa shef teburina na zaga bayan rumfuna ina tambaya, wata mata ta nuna mini wajen rijiya.

Yana tsugune shi kaɗai, da ƴar kwarya da ruwa a gabansa da guntun dutse. Ashe tun ina kan mota ina waya ya bar wurin, bai ji sanarwata ba. Ya ɗauka kantar hannunsa ce ta rufe zanen, shi ne ya zauna yana jiƙa yatsu yana gurza su a dutse. Ya gama da babban yatsa da manuni da na tsakiya na hannun dama, duk sun yi ja suna tsattsafar da jini. Da ya gan ni ya miƙo mini su yana murmushi.

"Yanzu ya fita. Inji zai gani."

Na durƙusa na riƙe hannun, cikin kunya na ce, "Baba, hannunka lafiya lau yake tun farko. Ni ne na yi kuskure." Ya dube ni bai gane ba, sai da Kiari ya iso ya faɗa masa da harshensu. Ya daɗe yana kallon yatsunsa. Ya zubar da ruwan ya miƙe. Muka kai shi tebur, motar gaba har ta fara tafiya. Na ɗora ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, wanda dutse bai kai gare shi ba. Kore. Ya karɓi katin da hannun hagu ya sa a aljihun ƙirji, sannan ya nuna saman mota ya tambayi Kiari da wa na yi magana a can. Aka ce masa wata mata ce mai jego a Diffa. Ya ce a gaya mata Allah ya raya abin da ta haifa.

Washegari da hantsi na je gidan. Ba a shiga ɗakin mai jego, don haka mijinta ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofa, ita tana daga bayan labule. Na ba ta labari duka, ban rage ba, har saƙon dattijon. Na zo da shirin a wanke ni tas, kuma na cancanta.

"Yatsu nawa ya gurza?" ta tambaya.

"Uku."

Matar nan ta taɓa ba ni labarin ƙetare Komadugu da ruwa har wuya ba tare da muryarta ta girgiza ba, amma ran nan na ji ta tana jan hanci a bayan labule. Da ta yi magana sai ta ce, "Na san dalilin lambar nan, kuma ban rubuta shi a gefenta ba. Na bar shi a kaina kamar ba zan taɓa kwanciya ba. Biyu daga cikin yatsun nan nawa ne."

Na ce wallahi ban yarda ba, ukun duk nawa ne. Ta ce ba ciniki muke ba, in miƙo mata kwamfutar ta ƙarƙashin labule ta rubuta dalilin a gefen lambar.